Serena Williams

Serena Jameka Williams (an haife ta ranar 26 ga Satumba, 1981) 'yar wasan tanis ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta yi wasa a matakin ƙwararru daga 1995 zuwa 2022. Ta ci kofi 23 na manyan gasannin Grand Slam a wasan ɗai-ɗai, adadin da babu wata mace da ta kai shi tun daga 1968, shekarar da aka buɗe wa ƙwararru ƙofar shiga waɗannan gasanni. Ta kuma ci kofi 14 na Grand Slam a wasan bibbiyu tare da yayarta Venus Williams, da lambobin zinare huɗu a gasar Olamfik. Ta yi mako 319 tana ta ɗaya a jerin gwanayen tanis mata na duniya.

Tsakanin kofinta na farko na Grand Slam a 1999 da na ƙarshe a 2017 akwai fiye da shekara 17. A cikin wannan lokaci rauni da rashin lafiya da rashi sun sha raba ta da fili na tsawon watanni, kuma kowane karo takan dawo ta sake cin kofi. Masu sharhi kan wasanni da dama na sanya ta cikin 'yan wasan tanis mafi ƙwarewa a tarihi.

Asali da ƙuruciya

An haifi Serena a garin Saginaw na jihar Michigan. Mahaifinta shi ne Richard Williams, mahaifiyarta kuwa Oracene Price. Ita ce auta a cikin 'ya'ya mata biyar na Oracene; Venus, wadda aka haifa a watan Yunin 1980, ita ce suke uwa ɗaya uba ɗaya. Tun tana ƙarama iyalin suka koma Compton, kusa da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya, garin da a shekarun 1980 ya yi ƙaurin suna wajen talauci da faɗan 'yan daba.

A lokacin, tanis a Amurka wasa ne na masu hali, kuma galibin masu yin sa fararen fata ne da ke koyo a kulob-kulob masu tsada. Richard bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba. Kamar yadda ya sha faɗa, ganin irin kuɗin da aka ba wata 'yar wasa a talabijin ne ya sa ya ƙuduri aniyar koya wa 'ya'yansa wasan. Ya koyi ƙa'idojinsa daga littattafai da kaset-kaset na bidiyo, sannan shi da Oracene suka riƙa horar da yaran a filayen gwamnati na Compton. Serena ta fara riƙe raket tana da kimanin shekara huɗu.

A 1991 iyalin suka ƙaura zuwa jihar Florida domin yaran su shiga makarantar tanis ta koci Rick Macci. Ba da daɗewa ba Richard ya hana su shiga gasannin yara na ƙasa, wanda shi ne hanyar da kusan kowane ɗan wasa ke bi. Hujjarsa ita ce yana so su mai da hankali kan karatu, kada kuma a gajiyar da su tun suna ƙanana. A 1995 ya cire su daga makarantar Macci, horarwar ta koma hannun iyayen gaba ɗaya.

Farkon wasa a matakin ƙwararru

Serena ta buga wasanta na farko na ƙwararru a watan Oktoban 1995 a birnin Quebec na Kanada, tana da shekara 14, inda Annie Miller ta fitar da ita tun a wasannin share fage. Sunanta ya fara fitowa ne a 1997 a wata gasa a Chicago: tana matsayi na 304 a duniya ta doke Mary Pierce da Monica Seles, waɗanda dukkansu ke cikin goman farko.

Gasannin Grand Slam guda huɗu ne a shekara. Australian Open da US Open ana yin su a kan fili mai tauri, French Open a kan jar ƙasa a Paris, Wimbledon kuma a kan ciyawa a Landan. Serena ta fara shiga ɗaya daga cikinsu a Australian Open na 1998, inda Venus ta fitar da ita a zagaye na biyu. Wannan ne karon farko da suka kara da juna a matsayin ƙwararru. A shekarar ce kuma ta ci wasan bibbiyu na mace da namiji a Wimbledon da US Open tare da Max Mirnyi.

A 1999 ta ci kofinta na farko na wasan ɗai-ɗai a Paris, ta biyo da na Indian Wells inda ta doke Steffi Graf a wasan ƙarshe. A watan Satumba, tana da shekara 17, ta doke Martina Hingis da ci 6–3, 7–6 ta ɗauki kofin US Open. Da wannan ta zama mace baƙar fata ta biyu da ta ci Grand Slam a wasan ɗai-ɗai, bayan Althea Gibson wadda ta ci nata na ƙarshe a 1958. A Olamfik na Sydney a 2000 ita da Venus suka ci zinare a wasan bibbiyu.

Rikicin Indian Wells

A gasar Indian Wells ta 2001 an shirya Serena da Venus za su kara a wasan kusa da na ƙarshe, sai Venus ta janye saboda ciwon gwiwa ana daf da farawa. Wasu suka yi zargin cewa mahaifinsu ne ke tsara wadda za ta yi nasara idan sun haɗu, zargin da iyalin suka musanta. A wasan ƙarshe da Kim Clijsters 'yan kallo suka yi ta yi wa Serena ihu, alhali ita ce 'yar gida. Richard ya ce an yi masa zagin wariyar launin fata a wurin zaman 'yan kallo. Serena, mai shekara 19 a lokacin, ta ci wasan, amma ba ta sake taka filin Indian Wells ba sai a 2015, bayan shekara 14.

Kofi huɗu a jere

Daga tsakiyar 2002 zuwa farkon 2003 Serena ta ci French Open, Wimbledon, US Open da Australian Open ɗaya bayan ɗaya, kuma a dukkan wasannin ƙarshe huɗun Venus ta doke. Tun da nasarorin sun ratsa shekara biyu ne, ba a lissafa su a matsayin cin gasanni huɗu a shekara guda ba. Sai aka laƙaba musu suna «Serena Slam». Ta hau matsayi na ɗaya a duniya a karon farko ranar 8 ga Yuli, 2002, inda ta karɓe shi daga hannun Venus. A 2003 ta sake cin Wimbledon.

Rauni, rashi da koma baya

A watan Agustan 2003 aka yi mata tiyata a gwiwa. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Satumba, aka harbe babbar yayarsu Yetunde Price har lahira a Compton. Serena ta yi kusan wata takwas ba ta yi wasa ba. Da ta dawo, Maria Sharapova mai shekara 17 ta doke ta a wasan ƙarshe na Wimbledon na 2004. A US Open na shekarar, kurakuran da alƙalai suka tafka a wasanta da Jennifer Capriati na cikin dalilan da suka sa aka gaggauta amfani da na'urar Hawk-Eye, wadda ke tantance ko ƙwallo ta faɗa cikin layi ko waje.

Ta ci Australian Open a 2005, amma ciwon gwiwa bai bar ta ba. A 2006 gasa huɗu kacal ta shiga, har ta faɗo ƙasa da matsayi na 100 a duniya. Daga baya ta bayyana cewa ta yi fama da matsananciyar damuwa a wannan lokaci. Mutane da yawa sun ɗauka tauraronta ya dusashe. A Australian Open na 2007 ta shiga tana matsayi na 81, ta kai wasan ƙarshe, ta lallasa Sharapova da ci 6–1, 6–2, ta kuma sadaukar da kofin ga marigayiya Yetunde.

Daga nan ta ci US Open a 2008, sai Australian Open da Wimbledon a 2009, ta maimaita su biyun a 2010. A Olamfik na Beijing a 2008 ita da Venus suka sake cin zinare. A wasan kusa da na ƙarshe na US Open na 2009 ta yi wa wata mai kula da layi kakkausar magana bayan an hukunta ta da laifin taka layi. An cire mata maki, wanda ya kawo ƙarshen wasan, aka kuma ci ta tarar dala 82,500.

Kwanaki kaɗan bayan Wimbledon na 2010, fasasshen gilashi ya yanke ta a ƙafa a birnin Munich na Jamus, abin da ya kai ga tiyata sau biyu. A farkon 2011 kuma gudajin jini ya toshe mata jijiyoyin huhu, cutar da kan yi kisa idan ba a gano ta da wuri ba. Sai a watan Yunin 2011 ta koma wasa, bayan kusan shekara guda.

Shekarun mamaya, 2012 zuwa 2017

A French Open na 2012 Virginie Razzano ta fitar da ita tun a zagayen farko, abin da bai taɓa faruwa da ita a Grand Slam ba. Bayan wannan kaye ta fara aiki da koci Patrick Mouratoglou ɗan Faransa. Cikin wata uku ta ci Wimbledon, ta ci zinare a Olamfik na Landan inda ta doke Sharapova da ci 6–0, 6–1, ta ƙara zinare na uku a wasan bibbiyu da Venus, sannan ta ɗauki US Open.

A watan Fabrairun 2013 ta koma matsayi na ɗaya tana da shekara 31, ta kuma riƙe shi mako 186 a jere har zuwa Satumban 2016, daidai da tarihin da Steffi Graf ta kafa. A 2013 kaɗai ta ci kofi 11, ciki har da French Open da US Open. Nasararta a US Open na 2014 ta kai ta kofi 18, daidai da Chris Evert da Martina Navratilova. A 2015 ta ci Australian Open, French Open da Wimbledon, wato ta sake riƙe kofuna huɗun a lokaci guda. Saura wasa biyu ta haɗa duka huɗun a shekara ɗaya, abin da rabon da wata mace ta yi tun Graf a 1988, sai Roberta Vinci ta Italiya ta doke ta a wasan kusa da na ƙarshe na US Open.

A 2016 ta sha kaye a wasan ƙarshe a Ostiraliya da Faransa, amma ta doke Angelique Kerber a Wimbledon ta kamo Graf a kofi 22. A watan Janairun 2017 ta doke Venus da ci 6–4, 6–4 a wasan ƙarshe na Australian Open, ta ci na 23 tana da shekara 35. Daga baya aka san cewa ta buga gasar tana da cikin kimanin wata biyu.

Haihuwa da neman kofi na 24

Ta haifi 'yarta ta fari ranar 1 ga Satumba, 2017, ta hanyar tiyatar gaggawa. Washegari numfashi ya fara yi mata wuya. Da yake ta san alamomin cutar tun 2011, ita da kanta ta nace a ɗauki hoton huhunta, aka kuwa sami gudajin jini. An yi mata ƙarin tiyata, ta yi mako shida tana kwance. Bayan ta warke ta riƙa magana a bainar jama'a kan mace-macen mata wajen haihuwa, musamman baƙaƙen fata a Amurka, waɗanda alƙaluman hukumar lafiya ta CDC suka nuna cewa haɗarin mutuwarsu sakamakon ciki da haihuwa ya ninka na fararen fata kusan sau uku.

Ta koma wasa a watan Maris na 2018. Da yake ta yi fiye da shekara ba ta tara maki ba, matsayinta ya faɗi ƙwarai, kuma a French Open ba a ba ta gurbin da ake ware wa manyan 'yan wasa don kada su haɗu da juna tun a farkon gasa ba. Wannan ya tayar da muhawara kan ko daidai ne haihuwa ta jawo wa 'yar wasa asarar matsayinta. A ƙarshen shekarar hukumar tanis ta mata, WTA, ta sassauta dokokinta ga masu dawowa daga hutun haihuwa.

Margaret Court ta Ostiraliya ce mace mai kofi 24, kodayake 13 daga ciki ta ci su ne kafin a buɗe gasannin ga ƙwararru. Sau huɗu Serena na kaiwa wasan ƙarshe tana neman kamo ta, sau huɗu ana doke ta: Kerber a Wimbledon na 2018, Naomi Osaka a US Open na 2018, Simona Halep a Wimbledon na 2019, da Bianca Andreescu a US Open na 2019. A wasan da Osaka ta yi sa-in-sa da alƙalin wasa Carlos Ramos, wanda ya hukunta ta sau uku, aka kuma ci ta tarar dala 17,000. Ita ta ce ana yi wa maza sassauci a kan irin wannan laifi. Wasu suka goyi bayanta, wasu kuma suka ce alƙalin doka ya bi.

A watan Janairun 2020 ta ci gasar Auckland, kofinta na 73 a wasan ɗai-ɗai kuma na farko tun da ta haihu, ta ba da kuɗin ladan ga waɗanda gobarar daji ta shafa a Ostiraliya. Rauni a ƙafa ya fitar da ita daga Wimbledon na 2021, ta sake yin shekara guda ba wasa. A watan Agustan 2022 ta rubuta a mujallar Vogue cewa za ta janye daga tanis domin ta mai da hankali kan iyali da kasuwanci. A US Open na shekarar ta doke Anett Kontaveit, ta biyu a duniya, kafin Ajla Tomljanović ta fitar da ita a zagaye na uku ranar 2 ga Satumba.

Salon wasa

Babban makamin Serena shi ne bugun buɗe wasa, wanda ake kira sabis. Yakan haura gudun kilomita 200 a awa, kuma da wuya abokiyar karawa ta gane ɓangaren da za ta aika ƙwallon, domin kusan iri ɗaya take cilla ta sama a kowane bugu. A Wimbledon na 2012 ta yi sabis 102 da abokan karawarta ba su ko taɓa ƙwallon ba. Tana wasa da hannun dama, tana tsayawa a layin baya tana kai farmaki da bugu mai ƙarfi ta kowane ɓangare, kuma takan matsa wa mai sabis lamba tun daga mayar da ƙwallon farko. An kuma san ta da farfaɗowa idan ana gaba da ita: a Australian Open na 2003 da na 2005 da Wimbledon na 2009 saura maki ɗaya a fitar da ita, amma ta juya wasan har ta ci kofin.

Ta kara da Venus sau 31, ta yi nasara a 19. Tara daga cikin karawar wasannin ƙarshe ne na Grand Slam, ta ci bakwai. A wasan bibbiyu kuwa su biyun ba su taɓa shan kaye a wasan ƙarshe na Grand Slam ba. Da Sharapova ta kara sau 22, ta ci 20.

Iyali, kasuwanci da ayyukan jin ƙai

Serena ta taso a gidan mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah. Ta auri Alexis Ohanian, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin Reddit, a watan Nuwamban 2017 a birnin New Orleans. Sun sami 'ya ta biyu a watan Agustan 2023.

Kuɗin ladan da ta samu a fili ya haura dala miliyan 94. A 2009 ita da Venus suka sayi ƙaramin hannun jari a ƙungiyar Miami Dolphins. Tana da kamfanin zuba jari mai suna Serena Ventures, wanda ke ba da fifiko ga kamfanonin da mata da tsiraru suka kafa.

Ta ziyarci Ghana a 2006 tare da asusun UNICEF, wanda ya naɗa ta jakadiyarsa a 2011. Ta taimaka wajen gina makarantar sakandare a Matooni ta ƙasar Kenya, wadda aka buɗe a 2008. A ƙarshen 2012 ita da Venus suka zo Legas da Johannesburg, inda suka gana da 'yan mata suka kuma yi wasan nuni. A Compton sun kafa wata cibiya da sunan Yetunde Price domin tallafa wa waɗanda tashin hankali ya shafa. Fim ɗin King Richard na 2021 ya ba da labarin ƙuruciyarsu, kuma Will Smith, wanda ya fito a matsayin mahaifinsu, ya ci lambar Oscar da shi.

Manyan nasarori

Australian Open, sau 7: 2003, 2005, 2007, 2009, 2010, 2015, 2017.

French Open, sau 3: 2002, 2013, 2015.

Wimbledon, sau 7: 2002, 2003, 2009, 2010, 2012, 2015, 2016.

US Open, sau 6: 1999, 2002, 2008, 2012, 2013, 2014.

Gasar ƙarshen shekara ta WTA, sau 5: 2001, 2009, 2012, 2013, 2014.

Zinaren Olamfik: wasan ɗai-ɗai a 2012, wasan bibbiyu a 2000, 2008 da 2012.

Lambar Laureus ta gwarzuwar 'yar wasa ta shekara, sau 4: 2003, 2010, 2016, 2018.

Tasiri

Kafin zuwan Serena da Venus, baƙaƙen fata ƙalilan ne suka kai ƙololuwa a tanis. Bayansu an sami zakaru irin su Naomi Osaka da Coco Gauff, waɗanda suka faɗa da bakinsu cewa kallon 'yan uwan biyu ne ya ƙarfafa musu gwiwar shiga wasan. Sun kuma sauya yadda ake buga tanis na mata, ta yadda ƙarfin sabis da ƙarfin jiki suka zama wajibi ga duk mai son cin babban kofi. Venus ce ta ja gaba a fafutukar da ta sa Wimbledon ta fara biyan mata da maza lada daidai a 2007, Serena kuma ta ci gaba da magana kan bambancin albashi da haƙƙin 'yan wasa masu haihuwa. Kofi goma daga cikin 23 ɗinta ta ci su ne bayan ta cika shekara 30, shekarun da a da yawancin 'yan wasan tanis mata kan riga sun ajiye raket.